Zanen Baba nake so a buga mini a yadi, zan ɗinka wa Inna bargo

Maman Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, magini ne a Zariya, irin masu yi wa fuskar gida ado. Bayan rasuwarsa muka tarar da wani littafinsa a ƙasan akwati, ya cika shi da zane: dagi iri-iri, takobi, fitila, har da keke da jirgin sama. Wasu da biro, wasu da fensir mai launi. Takardun sun yi ja, gefensu ya fara cinyewa. Na zaɓi goma sha biyu, ina so a buga kowanne a yadi, in yanka su, in haɗa da wasu ƙyallaye, in sa auduga a tsakiya in ɗinke ya zama bargo, in kai wa Inna. Ɗinkin ba ya ba ni tsoro, shekarata goma sha da keken ɗinki. Bugawar ce ban san ta inda zan kama ba.

Anti Rabi: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Baba, ya sa ya huta. Ƙanwata, kafin komai ki tambayi wane irin yadi za su buga miki a kai. Ni na taɓa kai zanen 'yata wani shago da ke buga riguna da tutoci a nan Kano. Launi ya fito kamar ka lasa, na biya ina murna. Ashe yadin roba ne. Da na zo haɗawa da atamfa sai santsi, allura na tsallake, ɗinki na tattarewa. Na ɗora dutsen guga da zafin da na saba yi wa atamfa, wuri ɗaya ya yi ƙyalli ya ƙanƙance. Haka na ƙarasa shi, amma ba a iya lulluɓa da shi, gumi yake sa mutum.

Malam Habu: Allah ya jiƙan mahaifi. Hajiya, bugu sana'ata ce, bari in yi bayani dalla-dalla don kada a ruɗe ki a shago.

Abin da aka yi wa Anti Rabi shi ake kira sablimeshan. Ana buga zanen a wata takarda, a danne ta kan yadi da zafin da ya kai wajen digiri 200, tawadar ta zama tururi ta shige cikin zaren. Ba ya koɗewa, ba ya ɓarewa, amma zaren roba kaɗai yake kamawa. In aka yi shi a auduga zalla, fitowa zai yi dishi-dishi, wanki kaɗan ya tafi.

Akwai DTF, wato a buga zanen a wata 'yar leda a manna shi a yadi da zafi, wanda ya cika gari yanzu. Shi yana kama auduga, sai dai liƙe yake a sama kamar leda. A gaban riga babu laifi. A bargo kuwa dole allura ta bi ta kan zanen don ta riƙe audugar tsakiya, kowane rami da ta huda yana nan, kuma wurin ba ya numfashi. Ban ba ki shawararsa ba.

Sai bugun sikirin, na raga da katako. Kowane launi da ragarsa. In zane ɗaya ne mai launi biyu za a buga sau ɗari, ya fi kowanne sauƙin kuɗi. Ke kuwa zane goma sha biyu gare ki, kowanne sau ɗaya. Kuɗin haɗa ragar kaɗai zai cinye ki.

Abin da ya dace da ke shi ne injin da ke fesa tawada kai tsaye a kan auduga. Ki tambaye su da bakinki: auduga zalla kuke bugawa? Ku nuna mini wanda kuka buga aka wanke. In suka fara kame-kame, ki yi musu sallama.

Maman Sadiq: Malam Habu, Allah ya saka da alheri. To in ɗauki hoton shafukan da waya in tura?

Malam Habu: A'a Hajiya. Waya tana karkatar da layi, inuwar hannunki ta shiga, kuma in kika tura ta WhatsApp a matsayin hoto sai ya matse shi, ya fito da ɗigo-ɗigo. Ki kai littafin inda ake da sikana mai murfi, ki tsaya a kansu, a ɗauki kowane shafi a DPI 300 ko sama, wato ɗigo 300 a kowane inci. Biro da fensir siraran layi gare su, gara a ɗauka da yawa a rage daga baya. Ki karɓa a filashi. Kuma ki buɗe shafukan da hannunki, kada ki bar yaron shago ya danne tsohuwar takarda da ƙarfi.

Hauwa'u daga Amurka: Yaya, Allah ya jiƙan Baba. Nan masu irin wannan ɗinkin da yawa Spoonflower suke aika wa. Kamfani ne da aka kafa a 2008 a jihar North Carolina, aikinsu ke nan, ki ɗora zanenki a shafinsu ki zaɓi yadi su buga. Ba sai kin sayi turmi ba, yadi ɗaya ma suna yi, har ɗan samfuri mai inci 8 kowane gefe.

Ga lissafin da na yi miki. Audugarsu da aka fi ɗinka bargo da ita, faɗin da ake bugawa inci 42 ne, tsawon yadi ɗaya kuma inci 36. In kika ba kowane zane gida mai inci 10, huɗu za su jeru a faɗi, uku a tsawo. Goma sha biyu cif a yadi ɗaya, har da saura. Su da DPI 150 suke aiki, wato hoton gaba ɗaya zai zama ɗigo 6300 a faɗi da 5400 a tsawo. Kada ki tura su ɗaya-ɗaya, ki sa a jera miki su a hoto guda.

Abu ɗaya da na lura: baƙi da shuɗi mai duhu ba sa fitowa da ƙarfin da kike gani a waya. Fuskar waya haske take fitarwa, yadi kuwa sha yake yi. Shi ya sa ban taɓa yin odar yadi ban fara da samfuri ba.

Maman Amira: Mu nan Ingila akwai Contrado a Landan, su ma suna buga ƙananan oda a auduga. Sai dai ko wanne kika zaɓa da kuɗin waje za a biya, ga kuɗin aikowa. In kina da mai dawowa gida, ya saƙa shi a jaka, yadi ɗaya ba nauyi.

Hajiya Babba: 'Yata, sannu da wannan niyya, Allah ya ba ki ladan zumunci. Ni ban san injuna ba, amma ki duba shafukan nan da kyau. Dattawan zamanin da, sukan rubuta Bismillah a saman takarda kafin su fara aiki, wani ya sa aya a gefe. Bargo ana zama a kai, ana taka shi, jikoki su yi fitsari. Duk shafin da ke da sunan Allah kada ya shiga.

Maman Sadiq: Wallahi Hajiya ban kawo wannan a raina ba. Akwai rubutun ajami a gefen wasu. Zan kai wa kawunmu ya karanta mini.

Ummi Tela: Anti, ni ta fannin ɗinki zan yi magana. Kada zanen ya cika gidan nan na inci 10, ki tsayar da shi a 8, ragowar ya zama fili. Kwatan inci na kowane gefe ɗinki zai cinye, kuma auduga tana shigewa a wankin farko. Ki wanke yadin ki goge kafin almakashi ya taɓa shi, in ba haka ba za ki yanka daidai, a wanke bargo ya koma tattare. Sannan ƙyallayen da za ki haɗa su zama auduga masu kaurin da ya yi kusa da nasa. Shadda ta yi tauri, leshi kuma ba wurinsa ba ne.

Da ni ce, yadin marinar Ƙofar Mata zan kewaye shi da shi. Shuɗin baba da zanen bango ɗan gida ɗaya ne. Amma baba yana zuba, sai kin yi ta ɗauraye shi shi kaɗai har ruwa ya fito fari, sannan ki goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a kai ki gani.

Malam Habu: Da an ɗauki shafukan da sikana, a goge jan da takardar ta yi, a mai da bayan fari tas. Zai fi fitowa.

Hauwa'u daga Amurka: Malam, a nan ban bi ka ba. Jan takardar nan da ɗan tabon da ke jiki su za su sa Inna ta gane littafin mijinta ne. In an wanke shi fes, ya zama zanen kwamfuta.

Malam Habu: Na ji, Malama. Amma a sani, jan tsohuwar takarda a kan yadi yakan fito kamar datti in ba a daidaita shi ba. A buga samfuri biyu na zane ɗaya, ɗaya a goge ɗaya a bari, ido ya raba gardama.

Anti Rabi: Kuma samfurin a wanke shi irin wankin gidanmu, da omo da cuɗa, a shanya a rana. Wanda ya tsira daga wannan shi ne yadi.

Maman Sadiq: 'Yan uwa, na dawo da labari. An ɗauki shafukan da sikana, ina tsaye. Kawu ya karanta ajamin: yawanci sunayen unguwanni ne da awon bango, amma shafin fitila akwai Bismillah a samansa. Na cire shi, firam zan sa masa a rataye a ɗakin Inna. Na maye gurbinsa da wani dagi mai kai huɗu.

Samfuri biyun sun iso ta hannun ɗan ƙanwar maigidana. Na wanke su sau uku kamar yadda Anti Rabi ta ce. Jan fensir ya ɗan sauka kaɗan, biron yana nan daram. Na shimfiɗa su a gaban Inna ban ce komai ba. Ta ɗauki wanda ba a goge ba, ta kai shi kusa da ido, ta ɗora yatsa kan wani ɗan tabo a kusurwa ta ce nan shayi ya zube masa. Shi za a buga.

Ummi, inci nawa zan ba shuɗin da zai raba tsakanin zane da zane? Gadon Inna ƙarami ne.

Ummi Tela: Ki yanka inci biyu da rabi, Anti, bayan ɗinki zai tsaya a biyu. Na bakin bargo ki faɗaɗa shi. Ki auno mini katifar tukuna, tsawo da faɗi, da yadda kike so ya sauko a gefe.