Yankari da yara: mu tafi a Disamba ko mu jira bazara?

Maman Ilham:
Salamu alaikum 'yan uwa. Maigidana ya yi wa yara alƙawarin kai su Yankari a hutun ƙarshen shekara, Hajiya surukata kuma ta ce ƙafarta ƙafarmu. Daga Kano za mu taso. Autana bai cika shekara biyar ba, amma ba shi da zance sai giwa, har suna ya raɗa mata tun bai gan ta ba. To a Disamba ana ganin giwayen kuwa? Ruwan Wikki fa, yara za su iya shiga? Sannan Hajiya na fama da ciwon gwiwa, ban sani ba ko wurin zai yi mata.

Baban Alkaleri:
Wa alaikumus salam, Maman Ilham. Ni ɗan yankin ne, kuma gaskiya ɗaya ce: kada ki yi wa auta alƙawarin giwa. Yankari ba gidan zu na Kano ba ne da za ki tarar da dabba a keji tana jiran ki. Daji ne na fiye da murabba'in kilomita 2,200, dabbobin kuma suna bin ruwa ne. A Disamba ciyawa ba ta gama kwanciya ba, ga sauran ruwa a tafkuna, don haka a warwatse suke. Daga Fabrairu zuwa Afrilu ne ƙishirwa ke koro su bakin kogin Gaji, a nan ake cin karo da giwaye da ɓauna da gwanki. Sai dai zafin lokacin ba na wasa ba ne, ga tsohuwa da ƙananan yara.

Abin da Disamba ta fi kowane wata a kai shi ne Wikki. Ruwan yana ɓuɓɓugowa daga gindin dutse, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Ki sauka bayan sallar asuba, hunturu na kaɗawa, ki ga tururi na tashi a kan ruwan, kina hango farin yashi a ƙasa da yatsun ƙafarki. Lokacin ne ma ya fi dacewa da mata, don babu cinkoson samari. Wajen dutsen ya fi ƙarfin yaro, amma idan aka gangara ƙasa ruwan bai da zurfi. Duk da haka hannunki a kan auta.

Hajiya kuwa, matattakala ce ake bi a sauka, kuma tana da ɗan yawa. Saukar ba ita ce matsala ba, hawowar ce. A bi da ita a hankali, tana hutawa.

Hanya: Wudil, Birnin Kudu, Ningi, Bauchi. Ku cika tanki a Bauchi, ku ɗauki titin Gombe, ku karya a Dindima zuwa ƙofar Mainamaji. Daga ƙofar zuwa masaukin Wikki akwai sauran wajen kilomita 40, saboda haka ku yi sammako. Zagayen daji ba a yin sa sai da ma'aikacin gandun, kuma ki zaɓi na sassafe ko na bayan la'asar. Da tsakar rana kowace dabba ta shige inuwa.

Yayan Fatiskum:
Baba ya manta da masu gida, wato gwaggon biri. Sun san leda, sun san ƙofar mota da ba a rufe ba. A gabana wani ya fizge burodi a hannun ƙanwata, ya hau rufin ɗaki ya zauna yana ɓare ledar kamar shi ya saya. Kada a ba yaro abinci ya riƙe a waje. Ku kuma guji baƙaƙen kaya da shuɗi mai duhu ranar zagaye, ƙudan tsando na bin su, cizonsa kuwa har ta cikin riga.

Malamar Firamare:
Ni ban yarda a fasa Disamba saboda giwa ba. 'Yan ajina da muka kai, gadu da ke kiwo a gwiwoyinsa a gaban masauki ya fi burge su a kan komai. Ki tambayi ɗan jagora kogunan dutse na Marshall da rijiyoyin Dukkey, manyan yaran za su ga cewa mutane sun zauna a dajin tun kafin a keɓe shi a 1956. Ki dai kama ɗaki da wuri, lokacin hutu ne.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri, Baba, da ku duka. Na karanta wa Hajiya maganar matattakalar, ta ce wadda ta yi Safa da Marwa ba za ta ji tsoro ba. Disamban dai za mu tafi in sha Allah. Baba, a cikin ɗaki ma sai an ɓoye abincin, ko biran ba sa shiga?

Baban Alkaleri:
Suna shiga in an bar taga a buɗe. Ki sa sakata.