Zomon 'yata ya yi dauɗa, amma ina tsoron wanke shi

Sabuwar Uwa:
Assalamu alaikum iyaye. 'Yata ta shiga wata takwas, kuma duk cikin kayan wasanta babu wanda take kulawa sai wani ɗan zomo na yadi mai 'yar ƙararrawa a ciki. Kunnensa na hagu take kamawa ta cusa a baki, ta yi ta gurzar dasashi har kunnen ya sauya launi. Jiya na lulluɓe shi da zani a gabanta. Ta tsaya ta ƙura ido, can sai ta fizge zanin, ta ƙyalƙyale da dariya har 'yan haƙoranta biyu na ƙasa suka bayyana. Wallahi sai da na yi ƙwalla. Sau shida muka maimaita, ban gaji ba.

To, yawu ya sa shi ya yi dauɗa, ina kuma tsoron in wanke ta ƙi shi. Sannan ko in bar ta ta riƙa kwana da shi?

Maman Tagwaye:
Wa alaikumus salam. Allah Ya raya mana. Ki wanke shi 'yar'uwa, abin da ke shiga baki ba a barinsa haka. Sabulu marar ƙamshi, ki ɗauraye sosai, ya bushe ƙarau. Ƙanshinsa ta saba da shi, don haka ki ɗan rungume shi a jikinki kafin ki miƙa mata. In kin samu irinsa, sayi na biyu ki riƙa musanyawa. Ranar da namu ya ɓata, babu wanda ya rintsa.

Anti Nas:
Maganar kwana dai, a'a. Likitocin yara sun ce kada a sa abu mai laushi a shimfiɗar jariri sai ya cika wata 12, saboda zai iya toshe masa numfashi. Ki kwantar da ita a rigingine, zomo ya jira safiya. Ki kuma ja idanunsa da yatsa ki gani. In maɓalli ne aka ɗinka, cire su, ki duba ɗinkin da ya rufe ƙararrawar.

Baban Yara:
Wasan zanin nan ne ya burge ni. Jean Piaget, masanin ƙasar Suwizalan, ya lura cewa wajen wata takwas ne jariri ke fara neman abin da aka ɓoye masa, wato ya gane abu na nan ko ba ya ganinsa. Shi kuwa Donald Winnicott, likitan yara a Ingila, ya yi rubutu a 1953 kan irin wannan abin da yaro ke maƙalewa: yana kwantar masa da hankali idan uwa ta ɗan gusa.

Sabuwar Uwa:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Idanun zare ne, alhamdu lillahi. Na wanke shi tana barci. Da ta farka ta shinshina, ta ɗan ɓata fuska, sai ta laluba kunnen hagun ta kai baki.