Wai duk ƙaramin kamfanin komik a hannun DC ko Marvel yake ƙarewa?

Sadiq: Ni fa maganata ɗaya ce, ƙaramin kamfanin komik (littattafan labari cikin zane) a Amurka ba ya zuwa ko'ina, da zarar ya yi jarumin da ya karɓu to manyan kamfanonin nan biyu, DC da Marvel, ko su maka shi kotu ko su saye shi. Ku duba kamfanin Fawcett, su suka fito da Captain Marvel a 1940 har ya zo yana fin Superman ciniki, DC mai Superman ta kai su ƙara wai kwaikwayo suka yi, aka yi ta jan shari'a shekara da shekaru, 1953 suka haƙura suka daina bugawa. Yau shi ake kira Shazam, kuma a hannun wa yake? DC

Maryam: Haka aka yi da kamfanin Charlton ma, jarumansu Blue Beetle da Question da Peacemaker duk DC ta saye su a 1983. Amma Sadiq ka lura, littafin Watchmen na DC ɗin da ake ta yabo a kan waɗannan jaruman aka gina shi, Rorschach na cikinsa daga Question ya samo asali. Kenan basirar daga ƙasa take tasowa

Sadiq: Ai maganata kika ƙarfafa, su shuka wasu su girbe

Nura: Haba ƙanena ina ka bar kamfanin Image? 1992 masu zane 7 suka fice daga Marvel lokacin su ne taurarinta, su Todd McFarlane da Jim Lee da Rob Liefeld da Erik Larsen, saboda sun gaji da ƙirƙirar abu kamfani ya riƙe, suka kafa nasu bisa sharaɗin duk wanda ya ƙirƙiri jarumi nasa ne, kamfani ba ya da haƙƙi a ciki. Fitowar farko ta Spawn, komik ɗin McFarlane, ta sayar da kwafi wajen miliyan 1.7, a 2019 ya wuce fitowa ta 300 kuma har yau yana hannun McFarlane. Wa ya haɗiye su?

Sadiq: Yaya Nura to Jim Lee fa, ba shi ya sayar wa DC da kamfaninsa WildStorm a 1998 ba, yanzu ma shi ne babba a DC ɗin. Malibu da ta fara buga wa Image littattafai Marvel ta saye ta a 1994

Nura: Ya sayar ne don kayansa ne, da kansa ya zauna aka yi ciniki, wallahi nan ne bambancin yake. Siegel da Shuster da suka ƙirƙiri Superman dala 130 aka ba su a kansa a 1938, suka tsufa suna neman haƙƙinsu. Ba za ka haɗa waɗannan biyun ba

Maryam: Gaskiya Yaya, sai dai Image ɗin ma ba tas suke ba. McFarlane da kansa sai da marubuci Neil Gaiman ya kai shi kotu a 2002 kan wata jaruma Angela da suka ƙirƙira tare a cikin Spawn, kuma Gaiman ya yi nasara. Abin ya min ciwo sosai, mutumin da ya bar Marvel a kan haƙƙi shi ne ake ƙara a kan haƙƙi

Sadiq: Angela ɗin kuma ina ta ƙare? Marvel, 2013

Nura: Gaiman ne ya sayar musu, da yardarsa. Kuma ka amsa min wannan, Invincible da ka hana mu barci da labarinsa, Image ta fara buga shi a 2003, Amazon ta mai da shi katun a 2021, ba DC ba Marvel a ciki. Hellboy ma yana kamfanin Dark Horse tun 1994 kuma na Mike Mignola ne

Sadiq: Su biyun na yarda. Amma ka lissafo min waɗanda suka mutu a hanya, na Fawcett kam har gobe ban huce ba