Shokazobar gaba ta Corolla 2006: sabuwa a kwali ko 'yar Beljiyam?

Baban Walid:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san ƙafar mota. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2006, 'yar Amurka, kuma aiki yana sa ni zirga-zirga tsakanin Kano da Bichi. Tun ƙarshen damina take ƙwanƙwasa ta gaba daga hagu idan na hau tudun rage gudu ko na faɗa ƙaramin rami. Da bakanike ya ɗaga ta a jak, sai muka tarar shokazobar wannan ɓangaren ta jiƙe da mai, ƙura ta manne mata har ta zama laka, tayar kuma ta fara cinyewa gurbi-gurbi. Ya ba ni zaɓi uku: sabuwa ta kamfanin KYB a kwali, guda biyu naira 130,000, 'yar Beljiyam haɗe da sifirin ɗinta, biyu 70,000, ko wata sabuwa marar suna, biyu 48,000. Abin da na ware gaba ɗaya 150,000 ne, kuma a ciki zan sayi linkej (ɗan ƙarfen da ke haɗa shokazoba da sandar hana mota karkata), in biya kuɗin aiki da na alaimen (saita tayoyi). Wacce ta fi dacewa da ni, kuma zan iya canza ta hagu kaɗai tunda ta dama ba ta zubar da mai?

Alhaji Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam. Yaro, matsalar daga motocin zamanin nan take. Lokacin da ake haɗa Peugeot 504 a Kaduna, mota ce da aka yi wa ƙafa daidai da hanyoyinmu, mutum ya loda mata buhunan hatsi ya shiga ƙauye ya fito ba ta yi ƙara ba. Ka fara duba iskar tayoyinka, domin yawancin masu faci suna cika taya fiye da kima, ita kuwa taya mai tauri duk dukan hanya ƙafa take miƙa wa.

Abu Hanifa:
Ɗan'uwa, in dai za ka ji tawa, kada ka kuskura ka sayi wani abu wai shi sabo a kwali. Ni Honda Accord 2004 gare ni. Kafin Babbar Sallah na sa aka canza mata boljoyin na ƙasa, wato mahaɗin da ke riƙe tayar gaba da hannun ƙafar mota, aka kawo mini sabo fil a kwali mai tambarin 555, mai shagon yana rantsuwa cewa daga Japan ya fito. Ba a daɗe ba muka kama hanyar Zariya ɗaurin aure, ni da mahaifiyata da ƙannena biyu. Mun wuce Kwanar Dangora kaɗan sai na ji wani ƙas, sitiyari ya fizge daga hannuna, gaban motar na dama ya kife a kwalta, muka ja ƙasa har gefen titi. Da na fito sai na ga tayar ta kwanta a kaikaice cikin mazauninta, ta tura ƙarfen jikin motar sama har ƙofa ta ƙi buɗuwa, shaf ya zare, man giya yana tsiyaya a titi. Ƙwallon boljoyin ya fice daga kofinsa, kuma da na leƙa cikin kofin babu ko ɗigon giris, ƙarfen ya cinye kamar an goga shi da dutse. Allah ne ya kiyaye babu babbar mota a bayanmu. Hajiya ta zauna a kan kwalbati tana ta salati, jikinta yana rawa, kuma har yau ba ta sake shiga motar ba. Kuɗin janwe da shaf da gyaran jiki sun ninka kuɗin boljoyin ɗin sau da yawa. Da na koma wurin mai shagon da gutsuren a leda, sai ya juya shi ya ce ba kayansa ba ne, ya kuma nuna mini ƙasan rasit inda aka rubuta ba a mayar da kaya. Daga baya wani ya ajiye mini kwalin gaske kusa da nawa, na ga rubutun nawa ya dushe, kwalin ma ya fi laushi. Jabu aka sayar mini da kuɗin na ainihi. Tun daga ranar Beljiyam kawai nake sawa, domin aƙalla na san daga jikin mota aka ciro shi.

Ɗan Gwale:
Allah ya ƙara tsarewa, Abu Hanifa, a gaida Hajiya. Amma a yi wa motarka adalci, ladabi ne ya yi mata yawa: ta ga manya za su ɗaurin aure, shi ya sa ta durƙusa a titi ta kwashi gaisuwa.

Abu Hanifa:
Malam, da kai ne a bayan sitiyarin nan da ba ka ga abin dariya ba.

Oga Sule Bakanike:
Ina jajanta wa Abu Hanifa, sai dai labarinsa ba amsar tambayar Baban Walid ba ce, kuma ƙafar motocin biyu ba iri ɗaya ba ce. A Accord ta waɗannan shekarun hannu biyu ne ke riƙe tayar gaba, na sama da na ƙasa, kuma shokazoba da sifirin a kan hannun ƙasa suke zaune, don haka nauyin gaban motar ta boljoyin na ƙasa yake bi. Idan aka sa jabu, ko robarsa ta yage ruwa da yashi suka shiga, ƙarshensa ya fice. A Corolla kuwa shokazobar ce ke haɗe kai tsaye da ƙarfen da ke riƙe taya, ita ke ɗauke da nauyin, shi ya sa ingancinta ya fi komai muhimmanci a wannan motar. Baban Walid, kada ka canza ɗaya. Ta dama shekarunta ɗaya da ta hagu, rashin zubar mai ba ya nufin tana da ƙarfi, kuma idan ɗaya sabuwa ce ɗaya gajiyayya, motar za ta riƙa karkata a kwana da lokacin taka birki. Game da Beljiyam, ni hannuna ya cire da yawa waɗanda aka huda, aka ɗura musu mai, aka toshe da walda, aka fesa baƙin fenti. Idan dole sai ita, ka kankare fentin ƙasan ka nemi tabon walda, ka duba sandar mai ƙyalli ko ta yi tsatsa ko zane. Wadda aka cire wa sifirin, ka danna sandar da hannu: mai lafiya tana shiga da nauyi iri ɗaya ba tare da tsalle ba, mai gas kuma ta dawo da kanta a hankali. Sannan a duba mazaunin shokazobar na sama da linkej kafin a ɗora wa shokazoba duk laifin ƙarar, domin sau da yawa su ne masu ƙwanƙwasawar.

Injiniya Kaduna:
Farashin da aka faɗa maka ya yi yawa. Ni a kasuwar Panteka na sayi KYB biyu na gaba na irin motarka a kan 95,000, kuma har yanzu lafiya lau suke.

Maman Ilham:
Injiniya, a wace shekara? Tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023 babu kayan mota da ya tsaya inda yake. Mijina ya saya a Apo, nan Abuja, a kan 175,000, kuma mai shagon ya ce duk wanda ya ba ka ƙasa da 150,000 to kwalin kawai ka saya. In haka ne, ta 130,000 ɗin ma abar tuhuma ce.

Injiniya Kaduna:
Hajiya, kuɗin hayar shagon Abuja aka ɗora muku. Abin da ya kamata Baban Walid ya yi shi ne ya kwafi lambar shasi, mai harafi da lamba 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ya nemi lambar kayan da ta dace da ita a kundin kamfanin a intanet, domin Corolla 'yar Amurka da 'yar Turai ba lallai su yi tarayya a lamba ba, kuma ta hagu daban take da ta dama. Sai ya gwada lambar da ke kan kwali da wadda aka buga a jikin ƙarfen.

Direban Haya Kano-Katsina:
Da girmamawa, Injiniya, masu yin jabu su ma sun iya karatu, lambar suke bugawa tsaf. Shawarar wanda ke fita da mota daga gida zuwa ofis ba ɗaya take da ta wanda ke cin abinci a kan hanya ba. Mu da muke ɗaukar fasinja da kaya kullum mun gwada duka, kuma Beljiyam mai kyau ta fi jure mana. Shi kuma bakanike dole ya zuga ka ka sayi sabo, tunda a nan nasa rabon ya fi tsoka.

Oga Sule Bakanike:
Direba, ku da kuke sa a ƙara wa sifirin roba don mota ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta, ba ku ne za ku koya wa mai iyali zaɓen shokazoba ba. Ku tashin mota daga ƙasa kuke nema, shi kuwa riƙon hanya yake nema. Ni ba na sayar da kaya, kuma ban san inda Baban Walid yake gyara ba, to wane rabo zan samu?

Mai Shagon Kayan Gyara:
Ni sana'ata ke nan, kuma zan faɗi abin da na sani ko da zai ɓata wa wasu. Kayan Beljiyam hawa-hawa ne: akwai wanda aka ciro daga motar da ta yi haɗari tana da ƙuruciya, akwai wanda aka ciro daga motar da ta gama yawonta, akwai kuma wanda a nan gida aka cire aka wanke. Corolla 2006 tsohuwar mota ce, don haka duk shokazobar asali da za a ciro daga irinta ita ma ta tsufa, wannan gaskiya ce da Direba bai faɗa ba. Sabon kaya shi ma hawa-hawa ne, kuma mai saye ne ke tilasta mana ajiye na ƙasa, domin idan ka faɗa masa kuɗin na gaske sai ya ce maƙwabcinka ya fi ka sauƙi. Araha ba ta ado. Ka nemi a rubuta maka sunan kaya da lambarsa da kwanakin garanti a rasit. Wanda ya ƙi rubutawa ya riga ya gaya maka abin da yake sayarwa.

Abu Hanifa:
To ai ni ban nemi araha ba, cikakken kuɗi na biya. Garantin mako biyu kuma wane amfani zai yi wa mutumin da tayarsa ta fice a kan babban titi da mahaifiyarsa a ciki?

Baban Walid:
Na gode ƙwarai. Na fahimci biyu zan canza. Amma idan na sayi ta 130,000, abin da zai rage ba zai isa linkej da aiki da alaimen ba. Shin zan iya jinkirta alaimen zuwa ƙarshen wata, ko tayar za ta ƙarasa lalacewa?

Maman Ilham:
Maganar rabo da Direba ya taɓo ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Na taɓa bin wani bakanike shago da kaina don sayen bushin da tayirod. Muna shiga ya gaisa da mai shagon, suka yi wata magana ƙasa-ƙasa, aka faɗa mini kuɗi na biya. Muna fita ya ce ya manta sifanarsa a ciki, ya koma, ya fito yana gyara aljihu. Washegari na aiki ƙanena shi kaɗai ya tambayi kayan nan a shagon, aka faɗa masa kuɗin da bai kai nawa ba. Mace idan ta shiga gareji, farashinta daban ne.

Mai Shagon Kayan Gyara:
Hajiya, kamasho ba mu muka ƙirƙiro shi ba. Idan ban ba bakanike nasa ba, gobe zai kai mai motar wani shagon, ko kuma ya ɗaura kayana a karkace ya ce ba su da kyau.

Oga Sule Bakanike:
Yallaɓai, kada a yi mana kuɗin goro. Ku tambayi masu mota nawa suke biyan aikin hannu. Mutum zai ƙirga wa mai shago dubu ɗari ba gardama, amma wanda ya wuni a ƙarƙashin mota yana matse sifirin da zai iya fasa masa fuska, sai a miƙa masa dubu uku a ce a yi haƙuri, yaran gareji kuma a ce Allah ya yi albarka. Ku fara gyara wannan tukuna.

Direban Haya Kano-Katsina:
Oga Sule, ai ga shi ka amsa da bakinka cewa ana karɓa. To nawa ne kason, ɗaya cikin goma ko ya fi haka?