Zan kai Inna ziyara Fas a watan Afrilu: jirgin ƙasa ko bas?

Bashir Mai Albasa:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa taka Maroko. Shekara uku ke nan Inna tana yi mini zancen ziyarar Shehu Ahmad Tijjani a Fas, ni kuma kullum amsata "sai an sayar da albasa". Bana ta ajiya ta yi daraja a kasuwar Aliero, bakina ya mutu. Fasfo na hannu, takardun biza sun tafi Abuja, muna son tashi farkon Afrilu.

Kwana 10 gare mu. Na zauna da taswira a waya na jera Kasabalanka, Rabat, Fas, Shafshawan (garin nan mai shuɗin fenti), Tanja, sannan Marrakesh. Tsakanin garuruwan nan me ya fi, jirgin ƙasa ko bas? Inna ta haura 65, gwiwarta ta hagu ba ta son matakala, kuma ko daga Jega zuwa Birnin Kebbi sai ta sha lemon tsami saboda jiri.

Malam Na Gwandu:

Wa alaikumus salam. Allah ya yi maka albarka, ɗana, ya ba ka masu yi maka. Amma wannan jerin naka na ɗan kasuwa ne, ba na mai rakiyar tsohuwa ba. Gari shida a kwana 10? Za ku dawo ba ta san komai ba sai kujerar tasha.

Sau biyu na je. Jirgin ƙasa yana shiga har ƙarƙashin filin jirgin saman Muhammad na Biyar na Kasabalanka, ku hau shi ku sauka tashar Casa Voyageurs. Ka riƙe sunan nan, don akwai wata tashar, Casa Port, kuma jirgin Fas ba can za ka nema ba. Daga nan zuwa Fas kusan awa huɗu, ta Rabat da Kenitra da Miknas. Ka daure ka sayi tikitin aji na ɗaya: mutum shida a ɗaki maimakon takwas, ta samu wurin miƙe ƙafa, ga bayi a cikin tarago.

Wahalar ba a jirgi take ba, tana cikin Fas. Tashar tana sabon gari, zawiyar Shehu kuwa tana tsohon gari kusa da masallacin Ƙarawiyyin, inda mota ba ta shiga. Ka ce wa mai jar tasi ya kai ku R'cif, a nan za ka ga masu kura suna jiran kaya, ku yi ciniki kafin ya ɗora jaka. Lungunan wasu ba su fi faɗin zaure ba, hawa da gangara. In ka ji ana ihun "balak, balak", ka ja Inna jikin bango, alfadari ne tafe da lodi. Kafin ka biya masauki ka tambaya ko akwai ɗaki a ƙasa. Ni ban tambaya ba, aka kai ni hawa na uku, matakala kamar ta hasumiya, kowace salla sai na yi shawara da gwiwoyina.

Ku tsara Juma'a ta same ku a can saboda zikirin bayan la'asar. Tun 1815 Shehu ke kwance a wurin, amma ranar za ka ji Wolof da Fulatanci da Hausa a sahu ɗaya.

Hadiza 'Yar Argungu:

Yaya Bashir, a Rabat nake karatu. Baba Malam ya faɗi gaskiya, Shafshawan kam ka cire ta. Jirgin ƙasa ba ya zuwa can, sai bas, wajen awa huɗu daga Fas, hanyar kuma tana nannaɗe da duwatsun Rif. Mai jiri a hanyar Jega ba za ta gode maka ba. Garin kansa a jikin dutse yake, duk matakala.

In dole ka hau bas wani wuri, ka nemi na kamfanin CTM ko Supratours, suna da lambar kujera, ana auna jaka a manna mata takarda ka biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Tikitin jirgi kuwa ana saye a shafin ONCF (hukumar jiragen ƙasan Maroko) ko a tagar tasha. Fas zuwa Marrakesh ya haura awa shida, ka lissafa wuni guda ya tafi.

Abin da mutanenmu ke mantawa: Afrilu a gida bazara ce, ana kwana a tsakar gida saboda zafi. Nan kuwa da asuba sai da rigar sanyi, kuma ana iya yin ruwa. A sa wa Inna safa da suwaita da takalmin da ba ya santsi, silifas ba zai yi ba a dandamalin Fas in ya jiƙe. Ƙaramar tasi mutum uku kawai take ɗauka, ka ce ya kunna mita.

Sani Gusau:

Ni dai ban yarda a je Maroko a dawo ba a hau Al Boraq, jirgin ƙasan nan mai tsananin gudu, ba. Tun 2018 yake aiki, Tanja zuwa Kasabalanka awa biyu da 'yan mintuna, yana kai kilomita 320 a awa. Na aje kofin shayi a gabana ko girgiza bai yi ba. Sai dai kada ka yi irin wautata: na je na harɗe a tashar Rabat Ville da tikitina, ashe shi a Rabat Agdal yake tsayawa. Ina cin gyaɗa jirgina ya tafi.

Bashir Mai Albasa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba Malam, na ji faɗa. Na soke Shafshawan da Tanja da Marrakesh. Kwana ɗaya a Kasabalanka ta huta ta ga masallacin Hassan na Biyu, shida a Fas, biyu a Rabat. Malam Sani, daga Agdal za mu hau naka zuwa Kasabalanka ranar dawowa, ko don in samu na ba da labari a tashar albasa.

Hadiza 'Yar Argungu:

Yaya, ka rage buri. Gudun nan na 320 tsakanin Tanja da Kenitra yake yin sa, daga Rabat zuwa Kasa a tsohon layi yake tafiya. In kun iso ku yi mini magana in tarbe ku, kuma don Allah a ce wa Inna ta ƙullo mini daddawa da kuka.