Neman shawara: kwamfuta marar fanka a zafin Kano

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina naɗar karatu a ɗakina, ƙarar fankar kwamfutata kuwa sai ta shiga cikin naɗin, ga ƙurar hunturu da take zuƙowa. Shi ya sa na sayi babban allon kwamfuta (motherboard) ASRock N100DC-ITX, santimita 17 kowane gefe, wanda ba ya zuwa da fanka. Na rufe shi a akwatin roba. Da safe lafiya lau, amma da azahar zafin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, na haura digiri 90, aiki ya riƙa jan ƙafa. Ina da wani ƙaton alminiyam mai haƙarƙari da na ciro daga tsohuwar inbata. Don Allah ta ina zan ɓullo wa lamarin?

Mai gyara: Wa alaikumus salam. Malam, akwatin ne ya cuce ka. Wat 6 kacal Intel ta rubuta wa N100, furosesan da ke kan allon nan, amma ko kaɗan ne, zafi sai ya sami ƙofa, roba kuwa riƙe shi take yi. Huda ƙasa, huda sama. Haƙarƙarin alminiyam ɗin su tsaya a tsaye, don iska mai zafi sama take yi, mai sanyi ta biyo ta ƙasa. In ka kwantar da su, ka yi aikin banza.

Injiniya: Na yarda da Oga mai gyara. Abin da zan ƙara shi ne yadda za ka kai zafin waje. Nemi bututun jan ƙarfen nan na cikin matacciyar laftof. Ɗan ruwa ne a ciki: ya tafasa a kan furosesa, ya huce a ɗaya bakin, ya dawo. Kada ka yanke shi, kada ka lanƙwasa shi har ya ƙulle, in ya huje ya mutu ke nan. Ɗaya bakin bututun a kan furosesa, ɗayan a jikin alminiyam ɗin, alminiyam ɗin kuma ya zama murfin akwatin, haƙarƙarinsa a waje. Jan ƙarfe ya kusa ninka alminiyam wajen tura zafi. Shafa man furosesa, wanda ke taimaka wa zafi wucewa, ɗan kaɗan, kuma ka ɗaure kusoshi a hankali, bi da bi, don ƙwayar N100 tsirara take, matsi in ya yi yawa zai iya tsaga ta.

Wata 'yar'uwa: Yaya, ni dai ina da ja. A watan Afrilu Kano na kai digiri 40, da wannan iskar za ka sanyaya ta. Shiga BIOS, wato saitin allon da ake shiga lokacin kunna kwamfuta, ka rage wutar da furosesa ke ja, naɗar murya ba ta buƙatar gudu. Ka tuna da SSD, ma'ajiyar fayilolinka, ita ma tana rage gudu in ta ɗau zafi. In duk ya ƙi, fanka mai milimita 120 da ke juyawa a hankali da wuya makirufo ya ji ta.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. Yau zan huda akwatin in gyara BIOS, gobe in shiga kasuwa neman bututun. Injiniya, ɗaya ya isa ko in nemo biyu?

Injiniya: Ɗaya ya ishi wat 6. Amma sayi biyu, na farko kan lalace a hannun mai koyon lanƙwasawa.