Karen gadin garke da gida: wane iri, kuma kwikwiyo biyu ko ɗaya?

Mai Garke:
Salamu alaikum. Ina da tumaki kusan arba'in, ga gida a gefen gona, ina neman karen da zai tsare duka biyun. An yi mini tayin kwikwiyo biyu 'yan ciki ɗaya, irin da ake kira Jaman Shefad, sati shida da haihuwa. Wani kuma ya ce irin karen da ake kira Malinuwa ya fi. Wanne ya dace, kuma me zan tanada kafin su iso? Masana a taimaka.

Baba Mai Horo:
Wa alaikumus salam, Malam Mai Garke. Ka haɗa aiki biyu a wuyan kare ɗaya, a nan matsalar take. Karen da ke kora dabbobi daban, wanda ke kwana cikinsu yana tsaronsu daban. Misali, irin da ake kira Boda Koli makori ne: zai tattaro maka garke, amma ba zai tsaya wa ɓarawo ba. Jaman Shefad da Malinuwa asalinsu ma karnukan kiwo ne, hankalinsu na kan mutum, umarni suke jira. In ka bar su da tumaki ba mai lura, sai bi da cizon ƙafa. Malinuwa kuwa ban ba ka shawara ba sam in ba ka taɓa horar da kare ba. Yana son aikin awa biyu ko fiye kullum, in bai samu ba ya huce a kan kaji da ƙyauren gida.

Don garke, nemi irin Kangal na Turkiyya ko danginsa. Tun yana sati takwas ake ajiye shi a ɗan shinge cikin tumaki masu sanyin hali, da wani lungu da zai shige in an tunkuye shi. Kada a yi ta ɗaukarsa ana kai shi cikin gida, zai shaƙu da mutane ya manta da garken. Kuma ba a sakar masa dabbobi shi kaɗai sai ya kai shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Jaman Shefad ɗin ka bar wa gida.

Likitar Dabbobi:
Ɗan'uwa, sati shida ya yi wuri. A bar su wurin uwa har sati takwas, don a tsakanin nan ne suke koyon sassauta cizo daga 'yan'uwansu. Ka je da kanka ka ga uwar. In tana ɓuya ko tana ɗingishi da ƙafar baya, ka haƙura, tsoro da ciwon ƙugu duk ana gadonsu a wannan irin. Ɗaga leɓen kwikwiyon ka duba dasashi: ja-ja ake so. In ya yi fari ga ciki a kumbure, tsutsa ce ko kaska ta sha jini.

Allurar rigakafi ta farko sati 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan sati 3 ko 4 har ya kai sati 16. Mutane da yawa na tsayawa a ta farko, alhali kariyar da ya samu daga nonon uwa na iya hana ta kamawa. Ta haukan kare daga sati 12. Maganin tsutsa duk sati biyu har sati 12, sannan wata-wata har wata shida, gwargwadon nauyinsa, don haka a auna shi.

Abin da na fi tsoro shi ne cutar fabo: amai, zawo mai jini da ƙarni, kwikwiyo ya bushe cikin kwana biyu. Ƙwayarta na daɗewa a ƙasa watanni. In kare ya taɓa mutuwa da ita a wurin, a wanke daɓe da kwanuka da bilic, kashi ɗaya cikin kashi talatin na ruwa, a bar shi minti goma.

Uwar Kwiyakwiyai:
A kan 'yan biyun nan, Malam: in ba dole, ɗauki ɗaya. 'Yan ciki ɗaya kan manne wa juna har ba sa jin kiranka, in sun balaga kuma faɗa ya tashi, musamman mata biyu. In ka riga ka yi alkawari, to kwano daban, makwanci daban, horo daban, minti biyar-biyar sau uku a rana.

Abinci sau huɗu har wata uku, sau uku har wata shida, daga nan sau biyu. Karɓo irin wanda yake ci a can, ka sauya a hankali cikin kwana bakwai. Madarar shanu na sa zawo. Albasa, cakulan da inabi guba ne gare shi, dafaffen ƙashi kuma yana tsagewa ya huda hanji. Kada a ƙara masa garin kalsiyam wai don ya yi ƙashi, lalata gaɓoɓin manyan karnuka yake yi.

Mai Garke:
Allah ya saka da alheri. Zan ce a riƙe mini ɗaya har sati takwas. Baba, na gadin gidan fa, in ɗaure shi don ya yi zafi?

Baba Mai Horo:
A'a, Malam. Sarƙa tsoro take koya masa, kuma matsoracin kare yaran gida yake fara cizo. Kafin ya cika sati 14 ya saba da yara, baƙi, ƙarar babur da tumakin, a hankali, ba tare da ya haɗu da karnukan da ba a yi wa allura ba. Gadin zai fito da kansa in ya doshi shekara.